Kwana Tara da Maƙalar Wata a Cikin Durowa

Akwai wani malamin jami'a da kowa ke kira Baban Albasa. Sunan bai zo masa a banza ba. Shekara huɗu ya kwashe yana bincike a kan abu ɗaya tak: yadda manomi zai ajiye albasarsa ta daɗe ba ta ruɓe ba.

A bayan sashensu ya kafa ƙananan rumbuna shida na katako, kowanne da lambarsa. Kullum da safe sai ya zagaya su da ma'auni da littafi, yana ɗaga albasa ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa kamar mai zaɓen turare. In ya nufo ɗakin taro, tun kafin ya yi sallama an san ya iso. Mai gadin ƙofa ma ya daina tambayarsa katin shaida, ya ce hancinsa ya riga ya tantance shi.

Shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne mai fara'a, in aka tsokane shi shi ne kan gaba wajen dariya.

A shekarar da wannan abu ya faru, yana jiran ƙarin girma. Ga waɗanda ba su sani ba, malamin jami'a ba ya hawa gaba sai ya nuna maƙalun bincikensa da aka buga a mujallun ilimi. Baban Albasa saura masa ɗaya, kuma kwamitin ƙarin girma zai rufe karɓar takardu nan da wata huɗu.

Maƙalar tana hannunsa, ya kusa gamawa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: jadawalin ƙarshe. Ya tara alƙaluma na damina huɗu, amma duk hanyar lissafin da ya bi sai su ƙi zama wuri ɗaya su ba da ma'ana.

Wata ranar Alhamis da hantsi, saƙo ya shigo masa daga editar wata mujallar aikin gona. Tsohuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa, ana ce mata Farfesa Jan Biro, domin takarda ba ta fita daga hannunta sai ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta.

Ta roƙe shi ya duba mata wata maƙala. Haka tsarin yake. Kafin mujalla ta buga aikin wani, sai ta cire sunansa ta aika wa masana biyu su tantance. Mai dubawa bai san marubuci ba, marubuci bai san mai dubawa ba. Abin da ke ciki kuma amana ne, ba a nuna wa kowa, ba a amfani da shi, har sai ya fito.

Baban Albasa ya buɗe yana kurɓar shayi. Da ya ga kan maganar a kan ajiyar albasa ce, har ya yi murmushi, ya ce ashe yana da ɗan'uwa a duniya.

A shafi na uku murmushin ya ragu. A shafi na bakwai ya ajiye kofi.

Aikinsa ne sak. Irin rumbunsa, irin tagogin iskar da yake sa wa sama da ƙasa, kusan irin sakamakonsa. Ga shi kuma a shafi na tara, marubucin ya kawo wata hanyar lissafi mai sauƙi, wadda ita ce maganin jadawalin da ya hana shi sakat.

Ofis ɗaya suke da wani malami da ake kira Gajeren Hanya. Ba mugu ba ne. Shi dai bai yarda a yi tafiyar awa ɗaya ba in akwai lungun da zai kai mutum cikin minti goma.

"Lafiya, mutumina?" in ji Gajeren Hanya. "Ka yi tsit kamar rumbu na uku ya rushe."

"An riga ni," in ji Baban Albasa. Ya ba shi labarin a taƙaice.

Gajeren Hanya ya jawo kujerarsa kusa. "Sati nawa suka ba ka?"

"Shida."

"To ka cinye shidan cif. Sai ka roƙi ƙarin biyu, ka ce jarrabawar ɗalibai ta sha maka kai. Daga nan ka rubuta musu cewa aikin yana da kyau, amma a koma a ƙara gwaji. Kafin mai shi ya juyo, taka ta daɗe da shiga wata mujallar."

"Ai wannan cuta ce."

"Ina cutar? Ƙarya ka yi? Jinkiri ne kawai. Wa ya taɓa zuwa kotu don ya yi jinkiri? Shekara huɗu kana wari, wani ya zo ya ɗauke kwanon a gabanka?"

Baban Albasa ya juya ga kwamfutarsa. Ya buga maƙalar a takarda, ya sa a durowar teburinsa, ya murza makulli.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Yana zuwa aji, yana zagaya rumbuna, amma duk sanda ya zauna sai gwiwarsa ta taɓa durowar nan.

Rana ta biyar ya ce bari dai ya gwada, don ya gani da idonsa kawai. Ya ɗauko hanyar lissafin shafi na tara ya ɗora a kan alƙalumansa. Cikin minti ashirin jadawalin da ya wahalar da shi wata shida ya zauna daram, kowace lamba ta kama gidanta.

Ya yi murna har ya tafa hannu shi kaɗai. Murnar ba ta kai awa ɗaya ba. Da ya sake kallon allon kwamfutar, sai ya ji kamar ya sa takalmin wani ya fito daga taro, ya yi masa daidai, amma yana ta waige.

Duk da haka ya adana jadawalin.

Matarsa tela ce, tana da shago a bakin titi mai keke uku da madubi dogo. Shi yana kiranta Maman Tagwaye, ita kuma Baban Tagwaye, sai in tana son tsokana ta ƙara masa da albasar. Ranar Asabar, kwana na tara ke nan, ya je shagon da rana don ya gyara mata fankar da ke ƙara.

Yana kan kujera da sukundireba a hannu, sai ga wata babbar kwastomarta ta shigo da ledar yadi. Idonta ya faɗa kan wata riga da ke rataye, mai wani irin wuya da ba a saba gani ba.

"Wannan nake so," in ji matar. "Irinta sak. Ki gama mini kafin Laraba."

"Wannan kam ba zai yiwu ba, ranki ya daɗe," in ji Maman Tagwaye. "Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zana abinta da hannunta, ta kawo in ɗinka mata. Sati biyu ya rage ta sa. In ta sa ta gama, zan tambaye ta. Amma ga wasu nan, bari in nuna miki."

"Ni wannan na gani. Ai ba za ta sani ba."

"Za ta sani ranar da ta gan ki a ciki. In ma ba ta gan ki ba, ni ce zan riƙa sunkuyar da kai duk ranar da ta shigo shagon nan, ga shi dama wuyana ciwo yake."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ledarta, ta ce teloli ba su ƙare a gari ba, ta fice.

Maman Tagwaye ta koma kan keke ta ci gaba da taka shi kamar ba abin da ya faru.

"Kin rasa babbar kwastoma fa," in ji mijin daga saman kujera.

"Ƙila ta dawo, ƙila ba ta dawo ba. Abin da aka ajiye a wurina ai ba nawa ba ne. Kai kuma ka sauko kafin ka faɗo mini a kan yadin mutane, tun ɗazu noti ɗaya kake murzawa."

Ya sauko. Ya zauna a bencin masu jira, ya gaya mata komai, har da jadawalin.

Ta tsayar da keken. "Kwana nawa ke nan?"

"Tara."

"Baban Tagwaye, ka manta bara? Wata uku kana jiran amsar wata mujalla, har a kan abinci kana duba waya. Na ce ka ci, ka ce bari dai ka leƙa sau ɗaya. To wani bawan Allah yana can yana yin haka yanzu, kai kuma ka kulle shi a durowa."

"Ƙarin girman fa?"

"Da babur ɗin da sai an tura na aure ka, kuma ni ce mai turawar. Shekara ɗaya ba za ta kashe mu ba."

Ya fita ƙofar shagon, ya tsaya a inuwar rumfa, ya kira Farfesa Jan Biro.

"Ranki ya daɗe, ina da magana, kuma ba mai daɗi ba ce."

"Fara, ina ban ruwan fulawa ne, kunnena a sake yake."

Ya gaya mata cewa maƙalar da ta aiko ta yi karo da aikinsa. Ya gaya mata ya riƙe ta kwana tara, ya ba abokin ofishinsa labarinta, ya kuma gwada lissafin cikinta a kan nasa. Bai rage komai ba.

Ta saurare shi har ya kai ƙarshe.

"Dakta," in ji ta, "laifinka uku ne. Ranar da ka ga ta yi karo da taka, ranar ya kamata ka rufe ka kira ni. Ɗaya ke nan. Ka kai zancen amana kunnen da ba a aika wa ba, biyu. Ka taɓa abin da ke ciki, uku. Da takarda ce kai, da yau birona ya ƙare."

"Na amsa, ranki ya daɗe."

"Amma shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, masu irin laifinka na san suna da yawa, wanda ya kira ni da bakinsa kai ne na biyu. Yanzu ka yaga ta takardar, ka goge ta kwamfutar, ka goge jadawalin. Ka ja kunnen abokinka. Yau ɗin nan zan nemi wani ya duba ta, kuma zan roƙe shi ya hanzarta, don mu rama wa mai ita kwanakin da ka ci."

"Tawa maƙalar fa?"

"Hanya biyu ce. Ko ka aika ta yadda take kafin ka ga ta mutane, da gurgun jadawalinka. Ko ka jira waccan ta fito, ka yi amfani da lissafin a fili, ka ambaci mai shi. Ka zaɓa."

Baban Albasa ya san gurgun jadawalin ba zai wuce hannun masu dubawa ba, in ma ya wuce ba zai amfani manomi da komai ba. Ya kuma san in ya jira, kwamiti zai rufe ƙofa.

"Zan jira," in ji shi.

Ranar Litinin ya yaga takardun a gaban Gajeren Hanya, ya roƙe shi ya riƙe bakinsa. Gajeren Hanya ya kalle shi ya girgiza kai.

"Bakina ƙanin ƙafata. Amma wallahi kai ne mutum na farko da na gani an buɗe masa ƙofa ya ce shi sai ya zagaya ta bayan gari."

Wata huɗu suka cika, kwamiti ya rufe. Da aka liƙa sunayen waɗanda suka samu ƙarin girma, Baban Albasa ya tsaya gaban allon ya karanta daga sama har ƙasa, duk da ya san babu shi. Ba zan ɓoye muku ba, ya ji ciwo. Ya taya abokansa murna, ya ci abincin walimarsu, sannan ya tafi bayan sashe ya zauna cikin rumbunansa har ya huce.

Ba a daɗe ba waccan maƙalar ta fito. Sai ga shi mai ita mace ce, malama a wata ƙaramar kwalejin aikin gona mai nisa, wadda bai taɓa jin sunanta ba.

Ya zauna ya gyara tasa. Ya yi amfani da lissafinta, ya rubuta sunanta a inda ya dace, ya bayyana cewa ita ta fara kawo hanyar. Masana biyu da bai sani ba suka duba, suka sa shi gyara har sau biyu, sannan aka karɓa.

Bayan nan ne Farfesa Jan Biro ta kira shi.

"Malamar nan ta karanta taka, tana son ganin rumbunanka. Ba ta san kai ne ka fara riƙe tata ba, kuma ni ba zan faɗa ba, don ba a tona mai dubawa. In za ta ji, daga bakinka za ta ji."

"Zan gaya mata," in ji shi.

Malamar ta zo wata ranar Laraba, da mijinta ya rako ta, da jaka cike da takardu. 'Yar siririya ce mai saurin magana. Tun kafin a ba ta wurin zama ta durƙusa gaban rumbu na ɗaya tana auna tagar ƙasa da tafin hannu. Mijin ya tsaya daga nesa da hankici a hanci, ya ce shi a gida ma haƙuri yake yi.

Suka yi awa biyu suna zagaye. Ita tana da alƙaluman rani daga ƙauyuka goma sha biyu, shi yana da na damina huɗu. Abin da ɗaya ya rasa yana hannun ɗaya.

Da suka zauna hutawa a kan akwatunan katako, ya gyara murya ya ba ta labarin durowar, daga farko har ƙarshe.

Ta daina murmushi. Ta kalli mijinta, mijin ya sauke hankicin.

"Yallaɓai," in ji ta, "ka san a lokacin aikin wucin gadi nake yi? Kwaleji ta ce in ban kawo takardar shaidar an karɓi maƙalata ba kafin ƙarshen zango, ba za a tabbatar da ni ba, wani za a ɗauka. Takardar ta iso saura kwana goma sha ɗaya."

Baban Albasa ya yi lissafi a zuci. Sati shida, da ƙarin biyu, da a koma a ƙara gwaji.

"Ban sani ba," in ji shi a hankali.

"Ai ba za ka sani ba. Lamba kawai ka gani a saman takarda."

"Ki yafe mini kwana taran."

Ta ɗauki wata albasa tana juyawa a hannu. "Gaskiya na ji haushi yanzun nan da kake faɗa. Amma da ka so, da ban taɓa ji ba, da kuma yau ina gida ina neman aiki. Na yafe. Sai dai da sharaɗi: damina mai zuwa tare za mu yi aikin, kuma kai ne za ka riƙa shinshina ruɓaɓɓun."

Mijin ya ce wannan hukunci ya yi daidai, ya kuma roƙi a rubuta shi a takarda a sa hannu.

Haka aka yi. Shekara ta zagayo, Baban Albasa ya samu ƙarin girmansa. Aikin da suka haɗa su biyu ya fi na kowannensu ƙarfi, har wata ƙungiyar manoma ta roƙe su su mayar da shi ɗan littafi mai hotuna da harshe mai sauƙi. Farfesa Jan Biro kuma, da idonta ya fara gajiya, ta nemi ya zama mataimakinta. Da ya tuna mata laifuffukansa uku, sai ta ce ita wanda ya san inda santsi yake take nema.

Wata rana da yamma yana shagon Maman Tagwaye yana taya ta ninke yadi, sai wayarsa ta yi ƙara. Malamar kwalejin nan ce.

"Yallaɓai, albishirinka. Wata mujalla ta aiko mini maƙala in duba, karo na farko a rayuwata."

"Madalla. A kan me?"

"Ba zan gaya maka ba."

Ya yi dariya har ya saki gefen yadin. "Kin ci jarrabawa. Sati nawa suka ba ki?"

"Shida. Amma na riga na mayar musu tun jiya, na bi ta layi-layi, shafi huɗu na rubuta musu na gyara. Na tuna wani yana can yana duba waya a kan abinci."

Darasi: Duk takardar da aka miƙa maka ka duba, ka sa hannu ko ka yanke hukunci a kanta, akwai mutum a bayanta da ba ka gani, kuma ƙila aikinsa da abincin gidansa suna jiran amsarka. Kada ka taɓa abin da aka ba ka amana, kada ka mai da jinkiri makami, in kuma son ranka ya shiga cikin aikin, ka faɗa tun da wuri ka janye hannunka. In ka riga ka zame, ka faɗi gaskiya da bakinka tun gyara yana yiwuwa. Ku tura wannan labari ga malamai, da ɗalibai, da duk wanda takardun mutane ke kwana a teburinsa.